Ita Ce Ke Riƙe Mini Sunayen Mutane

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Kowa Gwaggo yake ce miki a wannan fili, ni ma haka zan ce, ko da yake ina zaton na girme ki. Ni fasto ne, shekarata hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a bakin hidima na yi su. Wurina mutane ke kawo damuwarsu, yau ga ni ina rubuto wa jarida ina ɓoye sunana. Takardar ajiye aiki tana cikin aljihun kwat ɗina sati uku ke nan, kuma ƙarshen watan nan dattawan ikilisiya za su zauna. Na rasa ko in miƙa musu ita ko in yaga.

Bari in fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ba na riƙe fuskar mutum, tun ina yaro haka nake. Zan iya kawo miki aya da ka har in faɗa miki gefen shafin da take, amma in muka gaisa yau, gobe kika canza ɗankwali, sai in wuce ki a hanya kamar ban taɓa ganinki ba. Matata ta gano wannan tun ina neman aurenta, ranar da na tari ƙanwarta a ƙofar gida da irin murmushin da ba a yi wa ƙanwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce dole ta aure ni, in ba haka ba wata rana ɓata zan yi.

Ga yadda muka yi shekara talatin da ɗaya. In aka tashi daga sujada ran Lahadi, nakan tsaya a ƙofar majami'a ina gaisawa da jama'a, ita tana hagu da ni. Ita ke fara gaisuwa, da ɗan ƙarfi yadda zan ji. Za ta kira sunan mutum, ta tambaye shi ciwon ƙafarsa, ko jarrabawar 'yarsa, ko aikin da yake nema. Ni kuma sai in ɗora daga nan, in riƙe hannunsa in yi masa addu'a. Har mutane suka riƙa cewa Baba Fasto ba ya mantawa da kowa, ni kuwa ina jin daɗi ina gyara wuyan riga. Ran Litinin da safe zan tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin kofin shayina: wance ta haihu, wane yana asibiti a ɗaki na kaza, wane sati uku bai zo ba, wane da wane ba sa ga maciji, kada ka haɗa su a kwamiti ɗaya. Ran Asabar bayan cin abincin rana sai in karanta mata wa'azin gobe, ita tana zaune da littafin waƙoƙi a cinya tana zaɓa wa mawaƙa abin da ya dace da shi. In na fara zagaye-zagaye sai ta rufe littafin. Haka take yi ran Lahadi daga benci na biyu. Da na ga ta rufe, na san saura minti biyar in sauka.

Wata biyar da suka wuce, ran wata Alhamis da safe, tana shanya a bayan gida ta faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage a bakinta, "to", ita take faɗa ko an tambaye ta ruwa ko an tambaye ta zafi. Likita ya ce tana fahimtar duk abin da ake faɗa. Gwaggo, sati guda ta yi tana cewa kanta na ciwo kafin ta faɗi. Ni da nake yawon asibitoci duba matan mutane, ce mata na yi ta sha magani ta kwanta, na ɗauki takardar da ta rubuta mini na fita.

Da na koma aiki mutane sun yi mini uzuri, suna ganin damuwa ce ta sa nake kallonsu kamar baƙi. Ina ta lallaɓawa da "ɗan'uwa" da "'yar'uwa" da "yaya mutanen gida". Wa'azi kuwa ba a magana, ranar nan sai da na yi awa ɗaya da kwata, yara na kuka, wani dattijo ya cire agogonsa yana girgizawa a kunne. Duk wannan da sauƙi. Sati uku da suka wuce wata mata ta miƙo mini hannu a ƙofa, muryarta ta yi mini kama da wadda na sani, sai na yi ƙarfin hali na ce yaya maigida, kwana biyu ban gan shi ba. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Baba, ai kai ka binne shi."

Matar kafintan da ya ƙera mumbarin da nake tsayawa a kai ce. Wata bakwai da rasuwarsa, ni na yi wa'azin jana'izarsa, har na yi kuka a wurin. Ta zare hannunta ta tafi, kuma ba ta sake zuwa majami'a ba. A ranar na rubuta takardar.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke cin raina. Anya ni aka kira zuwa wannan hidima? A kaina aka ɗora hannu ranar da aka keɓe ni fasto, ita tana can baya tana jijjiga 'yarmu ta fari. Malamar makaranta ce, ta bar aikin ta bi ni wurare biyar, takardar shaidarta tana ƙasan akwati har ta yi ja. Yanzu na duba na ga makiyayin da mutanen nan suke ƙauna ita ce, ni murya ce kawai da kwat. Shekara talatin ina cin yabon da ba nawa ba, ban taɓa tsayawa gaban jama'a na faɗi abin da take yi ba, sai dai in yi barkwanci da ita a wa'azi a yi dariya. Ina jin kunyar Allah, ina jin kunyarta. Addu'a ma in na durƙusa bakina nauyi yake yi. Nakan yi wa mutane wa'azin bege, in dawo gida in zauna cikin mota a ƙofa na kasa fitowa.

Da na karanta mata takardar sai ta juya fuska bango, ta ƙi cin abinci ranar. Akwai kuma abin da take yi da ke ƙara karya mini zuciya. Duk ran Asabar da rana sai ta yi ta nuna littafin waƙoƙin da hannun hagu. In na ba ta, na zauna na fara rera mata, sai ta rufe shi da ƙarfi ta fashe da kuka. Ina ganin ko dai ni ta tsana, ko da Allah take fushi, kuma duk wanda ya zama a cikin biyun ni na jawo. 'Yarmu ta zo ta yi sati biyu ta koma wurin 'ya'yanta. Matan zumunta na ikilisiya suna ta cewa za su riƙa zama da ita, ina ce musu mun gode, ba na son su gan ta a haka, kuma gaskiya ba na iya bambance su. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta abinci a baki.

In na ajiye aiki, dole mu tashi daga gidan ikilisiya, ga ta a kwance. In na ci gaba, ban san wa zan sake yi wa rauni a ƙofar nan ba. Gwaggo, na gaji, ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi zafi.

Makiyayin da bai san tumakinsa ba

*

Baba Fasto, sannu da wannan nauyi. Allah ya ba Mama sauƙi, kai kuma ya ƙara maka ƙarfi. Gaskiya ka nema, to ga ta.

Ajiye aiki don jinyar mace irin wannan ba abin kunya ba ne, kuma in ta kai ga haka ba wanda ya isa ya ce ka gudu. Sai dai takardar da ke aljihunka ba don jinya ka rubuta ta ba. Ka rubuta ta ne ranar da kunya ta kama ka, kuma ba a yanke shawarar shekara talatin da ɗaya a rana irin wannan. Ka je taron dattawa ba tare da ita ba. Ka gaya musu abin da ka gaya mini, ka nemi hutun wata uku ko a rage maka aiki, wani ya riƙa karɓar wa'azi. In hutun ya ƙare ka ga ba za ka iya ba, sai ka sauka da shiri, an san inda za ku zauna.

Rashin riƙe fuska lalura ce da likitoci suka sani, ka ambata wa likitan Mama in kun koma. Ba rashin ƙauna ba ne. Laifinka a nan shi ne ɓoyewa, da barin mace ɗaya ta ɗauki asirin da aikin duka, kana karɓar yabo. Wannan kam ka yi, ba zan shafa maka mai ba. Maganar ciwon kai ma sakaci ne, amma ni da kai ba mu san ko zuwa asibiti a satin zai hana abin da ya faru ba. Ka nemi gafararta sau ɗaya da bakinka, tunda tana ji, ka daina yanke wa kanka hukunci kullum.

Matar kafinta ba za ta jira ƙarshen wata ba. Sati uku ta yi tana tunanin mijinta bai kai a tuna da shi ba, kai kuma kana zaune kana jinyar kunyarka. Ka je gidanta cikin satin nan da ɗaya daga cikin manyan matan zumunta. Ka ce ka yi kuskure, ka faɗa mata dalili, ka gaya mata abin da kake tunawa game da mutumin da kake dafa aikin hannunsa duk Lahadi. Tana iya ƙin saurara a zuwan farko, haƙƙinta ne, sai ka koma. Bayan haka, in Mama ta yarda, ka tsaya gaban jama'a ka faɗi abin da ta yi shekarun nan, ka roƙe su duk wanda ya miƙo hannu a ƙofa ya fara da faɗin sunansa. Wasu za su yi gulma, ka sa a ranka. Yawancinsu kuwa za su yi maka, don yanzu ma suna can suna zaton wulaƙanci ne.

Ka buɗe wa matan nan ƙofa. Mama ta san ciwon kowacce a cikinsu, ba daidai ba ne ka hana su sanin nata. Ka tambaye ta wa take so ya shigo, ku yi alama da matsa hannu, sau ɗaya e, sau biyu a'a. In ka faɗi kai ma, wa zai juya ta? Kuma wannan zaman cikin mota da nauyin baki a addu'a, ka sami wani fasto abokinka ka gaya masa, ka gaya wa likita.

Ka tambaya ko kai aka kira. Ni ba ni da ikon amsa wannan. Abin da na gani a wasiƙarka shi ne, macen da ta fi kowa iya karantar mutane ta yi shekara talatin da ɗaya tana kallonka safe da yamma, ba ta ga aikin banza take yi ba. Ita ke kawo sunan, amma hannun da ke riƙe mutum da addu'ar da ke bi naka ne. Aikin mutum biyu ne aka rubuta sunan ɗaya. Ba zan yi maka alkawarin maganarta za ta dawo ba, kuma ƙofar majami'ar nan ba za ta koma yadda take da ba. Ka yi kukan wannan, ya cancanci kuka.

Saura littafin waƙoƙi. Ban shiga zuciyarta ba, amma ka sake karanta wasiƙarka. Ba ta nuna littafin nan ran Talata ko Alhamis, sai Asabar da rana. Me kuka saba yi ran Asabar da rana? Ina jin mace ce da aka karɓe wa hannu da baki, sannan mijinta ya karɓe ɗan aikin da har yanzu za ta iya, ya zauna yana yi mata waƙa, ya kuma karanta mata takardar rushe abin da suka gina ba tare da ya nemi ra'ayinta ba. Da ni ce, ni ma bango zan juya fuskata.

Ran Asabar mai zuwa ka gyara mata filo, ka ɗora mata littafin a buɗe ƙarƙashin hannun hagu, ka ja kujera ka karanta mata wa'azin gobe. In ta rufe, ka yi shiru, ka ɗauki biro ka rage.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyar matar kafinta, ya riƙe ku duka biyu. Ka gaishe mini da Mama.

Gwaggonku