Zargin da na yi wa Mudi a kan man tarakta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni, Inuwa ɗan Jibril, mazaunin Dangora a ƙasar Kiru, na rubuta wannan takarda da hannuna a watan Disamba na 1958, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa, likita a birni kuma ya sallame ni bai sa mini ranar komawa ba. Na gane abin da hakan ke nufi. Malam Bature, limamin unguwarmu, shi ne shaida. Takardar taku ce, ku 'ya'yana, Adamu da Saudatu da Ɗantani.

1. Gida da gonaki biyu da shanu, a raba su yadda shari'a ta ce. Kada wani ya tashi daga baya ya ce Baba ya taɓa yi masa alkawarin gonar fadama. Ban yi wa kowa ba.

2. Ƙaramar taraktar da ke gindin tsamiya ba tawa ba ce. Ta ƙungiyar manomanmu ce, an ba ni ajiyarta ne don na yi makarantar Midil, ina iya karanta littafinta. A mayar musu da ita tare da littafin, da garwar man da ta rage.

3. Akwatin sifanonin gyaran inji kuwa nawa ne. Na ba da shi wasiyya ga kawunku Mudi, ƙanen mahaifiyarku Kulu. Dalilin yana da tsawo, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Kun san ina rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina makaranta. Da tarakta ta zo, Mudi ne direbanta, ni kuma nakan auna man da ke ɗaga garma safe da yamma in rubuta. A daminar 1956 na lura da wani abu. Da yamma in ya dawo daga gona, man yana kusa da inda na bar shi. Da safe sai in tarar ya yi ƙasa. Na duba ƙarƙashinta kwana ashirin a jere, ƙasa fes, ko ɗigo babu. Mudi kuwa a shagon da ke daura da ita yake kwana. Na haɗa waɗannan abubuwa uku, na ga sun dace, sai na yanke hukunci.

Ban kira shi gefe ba. A taron ƙungiya, gaban dattawa, na karanta awon kowace rana, na ce mai ba ya tafiya da ƙafarsa. Mudi ya rantse. Ya ce shi man nan ko fitila ba ya kamawa, me zai yi da shi. Ya ce in ina so a kawo Alƙur'ani ya dafa. Na ce ba sai an kawo ba, rubutu ya isa. Aka karɓe makulli daga hannunsa. Kafin kaka a kasuwa ana kiransa Mudi Sha-mai, ya tattara iyalinsa ya koma Tudun Wada. Mahaifiyarku tun ranar ba ta sake ambaton sunansa a gabana ba, shi ma bai sake tako gidan nan ba.

Bayan tafiyarsa man ya ci gaba da raguwa. Wata bakwai ina rubuta wannan da hannuna, ina gaya wa kaina wataƙila wani ɓarawon ne daban.

4. Adamu, tunda ƙungiya na iya ba ka riƙon taraktar, ga yadda ake neman yoyon mai, wanda ni ban yi ba sai da lokaci ya wuce. Kada ka amince da inda ka ga jiƙa, domin mai yana bin jikin ƙarfe ya yi nisa kafin ya ɗiga. Ka wanke bayanta duka da kananzir, ka bar ta ta bushe. Ka tankaɗe toka mai laushi ka barbaɗa a kan kowane noti, da gindin hannuwan da ke ɗaga garma, da bakin ƙafafun baya, da sandar da ke fitowa ta baya tana juyawa. Ka shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa. Ka tayar da inji, ka ɗaga garma ka sauke kamar sau goma, ka kashe, ka jira. Inda toka ta fara yin baƙi, kuma wurin ya fi sauran zama a sama, can ne asalin yoyon. In garma tana saukowa da kanta amma awo bai ragu ba, to yoyon na ciki ne, ba wanda ya taɓa maka mai.

5. Na yi wannan gwaji a ranin 1957. Da na tsayar da ita a fili marar gangare, ban ga komai ba. Da na mayar da ita mazauninta, kafin la'asar toka ta yi baƙi a ƙarƙashin sandar baya. Zoben fatar da ke tare mai a wurin ya bushe ya tsage. Gindin tsamiyar nan gangare ne, kuma ni na ce a riƙa ajiye ta a nan, gabanta sama, don inuwa. In ta tsaya haka, man yakan taru a baya ya sami hanyar fita. A gona, inda take tafiya a miƙe, kaɗan yake zuba.

Sauran tambaya ita ce dalilin da ya sa ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, ita ke share ƙofar gida bayan sallar asuba, kafin in fito da littafina. Da na tambaye ta, ta ce ai kullum takan tarar da wurin ya jiƙe, sai ta zuba toka ta kwashe, kamar yadda take yi a turken jaki. Ta ɗauka kowace mota haka take fitsari. Ta ce da na tambaye ta tun farko da ta gaya mini, amma ta ga ni da takarda nake shawara. Ba ta san wannan ne ya kori Mudi ba. Kada kowa ya ɗora mata laifi.

Na sa sabon zobe, yoyo ya tsaya. Yau shekara ɗaya da wata takwas ke nan, ban gaya wa kowa ba. Sau uku na shirya zuwa Tudun Wada. Sau ɗaya har na kai mararrabar hanyar garin na juyo. Kowane karo nakan ce bari in ƙara aunawa wata guda in tabbatar. Na riga na tabbatar tun ranar farko. Kunya ce kawai.

6. Saboda haka ga abin da nake so. Littattafaina na 1956 da 1957 suna cikin adaka. Adamu ya kai su taron ƙungiya, gaban dattawan da suka ji zargin, ya karanta wannan takarda daga lamba uku zuwa biyar, kada ya tsallake komai don ya rufa mini asiri. A fili na ɓata shi, a fili za a wanke shi. In ina da sauran numfashi, a ɗauke ni a kai ni wurin.

7. Bayan haka ku ukun ku raka mahaifiyarku Tudun Wada da akwatin sifanonin. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku faɗa masa abin da aka karanta, ku roƙar mini gafara sau ɗaya. In ya yafe, alhamdulillahi. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kada ku matsa masa, kada ku tura masa malamai. Tsakanina da shi Allah zai yi hukunci. Amma ku, ba ku yi masa komai ba, kuma kawunku ne. Ku koma da Sallah, ku sake komawa da wata Sallar, ko da a zaure zai bar ku.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari, ya tsare ku daga saurin yanke hukunci. Ku riƙe mahaifiyarku da Goggo. Kada ku bari gidan nan da gidan Mudi su ƙara shekara guda ba a gaisa ba.

Inuwa Jibril, Dangora.