Jif ɗin Tsohuwa

Uwar yara,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na turin mota.

Na sayi jif ɗin da na yi muku alkawari. Ƙaninki ya kawo, ya rantse wai ta wata tsohuwa ce, asibiti kawai take zuwa. Ni kuma gwani, na shafa fenti na biya.

Jiya bakanike na ganinta ya ce, "Har ta dawo? Mai ita ya ce ya samu wawan da zai saya." Na tambayi kamanninsa: ƙaninki ne sak, har wushiryar. Yaron da muke cin kwano ɗaya!

Kar Inna ta ji. Auta ya daina share wurin ajiye mota, a ta haya zan zo.

Allah ya tsare min ku.

Mijinki, wawan da aka samu.