Katin da Na Soke da Biro

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da iznina ba, ya rufe tun daga wannan layi. Taiba, da ke nake. Zaharaddini, kai ma. Karanta sirrin uwa rashin tarbiyya ne, kuma zan gane a fuskarku.

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Taiba ta kawo mini takardar kayan kwamfuta. Shekara biyu ke nan tana ɗaukar bidiyon bikin mata, inda namiji ba ya shiga, tana haɗawa a waya har wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Babansu ya yarda a haɗa mata babbar kwamfuta, amma ya ce komai sai ya bi ta hannuna. Ya wuce Maradun wajen shanunsa ya bar ni da su.

Gajere mai haɗa kwamfuta ya zo, ya zauna bakin ƙofar falo. Bayan mun gaisa ya bi takardar ɗaya bayan ɗaya. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa. Ram kamar faifai ne, in yana da faɗi sai ka baza aikinka ka tsince a natse. Ma'ajiya rumbu ce. Akwai akwatin wuta da fankoki. Duk na gane, ni ma na yi sakandare.

Sai muka zo kan wani abu wai katin hoto, mai fanka uku shi kaɗai. Na ce na mene ne? Kafin Gajere ya buɗe baki Zaharaddini ya riga shi: "Inna, da wanga kati, in kana wasan ƙwallo kamar kana cikin fili."

Na ɗauki biro na soke shi. Gajere ya ce, "Hajiya, ai shi ka ɗaukar nauyin bidiyo." Na ce na ji abin da yake ɗauka. Ba a sayar da sa guda daga garken babansu don ƙato mai shekara ashirin da biyu ya zauna yana buga ƙwallon ƙarya ba. Taiba ta fara magana, na dube ta, ta yi shiru.

Litinin, 16 ga Yuni

Zaharaddini yana gaishe ni kamar an sa shi dole. To, ya ci gaba mana.

Asabar, 21 ga Yuni

Kwamfuta ta iso. Baƙin akwati, gefe ɗaya gilashi, ana ganin hanjinta. A tsakiya akwai wani dogon gurbi babu komai, wurin katin ke nan. Taiba ta gwada da tsofaffin bidiyonta na waya, ta yi lafiya lau. To ina abin da suke ta faɗi? Yaran yanzu ba su san bambancin bukata da sha'awa ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Mun dawo daga Bakura, bikin Amira ɗiyar ƙanwata Khadija. Jiya aka yi zaman mata a tsakar gida, da kiɗan ƙwarya. Taiba ta zo da sabuwar kyamarar da ta aro. Da farko mata sun noƙe, kowa ta ja mayafi. Khadija ta miƙe ta ce, "Ku saki jiki, Taiba ce ke ɗauka, ita za ta haɗa, ba namijin da zai gani."

Gwaggon ango, wata dattijuwa daga Maradun, ba ta gamsu ba. Ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, ɗiyarki ce?" Na ce ɗiyata ce. Ta ce, "Ke na sani, ba ita ba. Kin ɗauki alkawari?" Na ce na ɗauka, hoton nan ba zai fita ɗakina ba sai zuwa hannun amarya.

Daga nan mayafai suka sauka. Matan aure, zawarawa, har matar liman. Ni ma na taka kaɗan.

Talata, 1 ga Yuli

Kwamfuta tana wahala. Hoton sabuwar kyamara ya yi mata nauyi. Mace ta ɗaga ƙafa sai ta tsaya a sama, can sai a gan ta a wani gefen. Taiba ta daure ta yanka ta jera a haka. Da ta zo fitar da shi gaba ɗaya, sai na'urar ta rubuta awa tara. Ga hadari ya rufe rana tun safe, batirin sola ya mutu a awa ta huɗu. Komai ya koma farko.

Laraba, 2 ga Yuli

Ya sake mutuwa. Taiba ba ta ce mini komai ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Khadija ta kira. Dangin ango da suka zo daga nesa za su koma ranar Litinin, kuma matansu suna son su gani kafin su tafi. Mijinta ya ce a daina wahala, a kai wani shago a Gusau, awa ɗaya sun gama.

Na san irin shagon. Na taɓa shiga ɗaya neman hoton fasfo. Samari biyar a kan benci ɗaya, kowa idonsa a kan allo, wani yana cin gyaɗa yana dariya. A nan za a buɗe matar liman ba mayafi? Ko ba su yi niyyar sharri ba, ɗaya ya tura a wayarsa, shi ke nan.

Na ce wa Khadija ba za a kai ba. Ta ce, "To Yaya, mi za mu ce musu?" Na ce ta ba ni kwana uku.

Na yi La'asar, na daɗe a kan darduma.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na sa an kira Gajere. Na tambaye shi ko akwai katin da ke yin bidiyo amma ya ƙi wasa. Ya sunkuyar da kai, na ga yana danne dariya. Ya ce, "Babu shi, Hajiya. Wanda ya iya wanga ya iya wancan."

Ya nuna mini guda biyu a waya. Ɗaya ya fi gudu a wasa, ɗaya ya fi faɗin ciki, gig goma sha shida, ya ce shi ne ba ya shaƙewa da hoto mai nauyi. Na tambayi wuta, kada mu sayo abin da zai shanye batir. Ya ce yana ci da yawa amma na ɗan lokaci, kuma akwatin wutar da ya sa tun farko zai ɗauke shi. Ashe tun ranar ya bar masa wuri.

Na zaɓi mai faɗin ciki. Na kira babansu na gaya masa. Ya ce, "Ba ke kika soke ba?" Na ce ni ce, kuma ni ce na mayar.

Asabar, 5 ga Yuli

Zaharaddini ya bi motar safe ya karɓo shi a Sakkwato. Ya rungumo kwalin a ƙirji, wai bai yarda a sa a but ɗin mota ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Gajere ya dasa katin. Ya gwada da bidiyon kasuwar shanu, ya yi sallama ya tafi. Taiba ta kai hannu za ta buɗe na bikin. Ina shirin yin magana sai na ga Zaharaddini ya miƙe da kansa. Ya ce, "Bari in fita, na mata ne." Ya ja ƙofa. Kwana biyu yana jiran ya ga katin nan yana aiki.

Minti arba'in ta gama. Na kalla tare da Taiba. Ya yi kyau, ba laifi. Ta kai wa Amira hannu da hannu kafin Magariba, gwaggon ango ta aiko da gaisuwa.

Talata, 8 ga Yuli

Har yanzu ina nan a kan bakana, wasan nan ɓata lokaci ne. Ɗazu na wuce na ga Zaharaddini yana wasa, ciyawar filin ƙwallon tana motsi a allo, na ɗan tsaya, don in san abin da ke shigo mini gida ne kawai.

Na tara su na faɗa musu, kuma na rubuta a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Kwamfuta a ɗakina za ta zauna. Hoton mata ba ya fita gidan nan sai zuwa hannun mai shi, kuma in an buɗe shi namiji ba ya shiga. Aikin Taiba ne gaba. In ta gama, Zaharaddini yana da daga La'asar zuwa kiran Magariba, Juma'a da Talata. In aka kira salla yana kai, ko ƙwallo tana bakin raga, ni zan zare wayar wuta.