Allon Malam Ya Yi Shiru

Zuwa ga aminiyata Ta-Sama,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Mu ma jikinmu lafiya, sai dai hankali ne ba a kwance yake ba.

Na san za ki yi mamakin jin takarda a hannunki maimakon muryata a waya. Rabona da tsinken huda takarda tun muna makarantar makafi, kina gadon sama ina na ƙasa, kina zuro mini ƙafa a ka kowace safiya. In kin ci karo da ɗigon da ya ɓace hanya ki yi haƙuri, hannu ya manta.

Kin san tun da zazzaɓin nan ya tafi da jin maigidana Malam, ya haɗu masa da rashin gani, da allon birel ɗin nan na rubutun makafi muke rayuwa. In yi magana a bakin wayarsa, ta mayar da ita rubutu, ɗigogi su taso a ƙarƙashin yatsunsa, ya amsa mini da bakinsa. Har faɗa muna yi da shi, kuma ba ya barin bashin magana. To, makon jiya wayoyinmu biyu suna jikin caji suka sabunta kansu, ba wanda ya tambaye mu. Da Malam ya kunna allon, sai layin ya tsaya sumul kamar bayan cokali. Ya kashe ya kunna, ya cire ya mayar, wayar ta ƙi sanin allon kwata-kwata. Na ba shi tawa, ita ma haka, tunda iri ɗaya muka saya.

Tawa matsalar daban ce. Muryar da ke karanta mini waya, wadda kika raɗa wa suna Gwaggo saboda surutu, tana nan, amma ta rikice. Duk inda na taɓa sai ta ce "maɓalli", ba ta faɗin na mene ne. Amsa kira nake iya yi, amma neman suna ya zama caca. Shekaranjiya na yi niyyar kiranki in yi kuka, sai ga ni ina gaisawa da mai kawo mana gas.

Na kai wa mai gyaran waya na bakin titinmu. Ya juya su ya juya, ya ce lafiyarsu ƙalau, kuma abin da ya hau ba ya sauka. Na sa ya kira mini kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta ce in danna alamar da nake gani a sama ta hannun dama. Na ce mata ba na gani. Ta ba ni haƙuri, ta ce to in danna ta ƙasa. Daga ƙarshe dai ta ce sun san da matsalar, gyara zai zo a sabuntawa ta gaba, amma ba ta san yaushe ba.

Yanzu da takarda nake yi wa Malam magana. In huda, in zare, in juya, in miƙa masa. Kafin in gama rubuta cewa shayinsa na gabansa, ya huce. Aikin gyaran littattafan makaranta da maɗaba'a ke turo masa ta waya ya tsaya cak, ga wani littafin lissafi da ya kai rabi.

Ki sa a kashe miki sabuntawar nan da waya ke yi da kanta tun kafin ta same ki. Ki gaishe mini da kowa.

Taki har kullum,
Ta-Ƙasa

*

Ta-Sama ƙawata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Takardarki ta iso, na karanta ta har ɗigogin sun fara kwanciya. Na gode da tayin wayarki, amma kin ce ita ma ta riga ta hau sabon tsarin, sai mu haɗu mu yi jira.

Abin da ya fi damuna shi ne wunin Malam. Ina fita da safe zuwa asibitin da nake amsa waya, ba na dawowa sai yamma. A da, ina kan kujerata saƙonsa zai shigo, wai ina na ajiye almakashi, ko ya kamo wani kuskure mai ban dariya a littafi. Yanzu ina rufe ƙofa shi ke nan, ba abin da ke shiga wurinsa daga duniya sai iskar taga. Ran nan famfon banɗaki ya ɓalle, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har matakala. Maƙwabciyarmu ta yi ta dukan ƙofa har hannunta ya yi zafi, shi kuwa yana zaune a ɗaki, bai sani ba sai da ruwan ya taɓa ƙafarsa. Na dawo na tarar da shi durƙushe da tsumma, littattafansa na ƙasan kanta sun jiƙe, ɗigoginsu sun narke. Ya ci gaba da goge ruwan. Mutumin da kika sani, wanda in ya buɗe murya duk benen nan sai an san abin da muka ci, yanzu sai ya wuni bai yi jimla biyar ba.

Abu ɗaya mai daɗi ya faru. Ina cikin huda masa takarda tsinken ya faɗi ya shige ƙarƙashin kujera. Haushi ya kama ni, na kamo hannayensa na ɗora yatsuna a kan nasa, uku nan uku can, na danna kamar yadda muke buga injin birel a aji. Na rubuta masa, "Na gaji." Ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce, "Kin bar ɗigo ɗaya a harafin ƙarshe." Ta-Sama, na yi dariya har da hawaye. Tun ranar da yatsu muke hira. Ya fi takarda sauri nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar allon ba, kuma sai ina kusa da shi.

Ga kuma wani tashin hankalin. Iya, mahaifiyar Malam, tana kwance a asibiti a can garinsu. Autarsu ce ke jinyarta. Kin san duk mako sai sun yi waya, ita tana magana yana karantawa, har ta saba tana cewa ɗanta da hannu yake jin ta. Da allon na aiki da tuni ya hau mota shi kaɗai, ya sha yi, direba ya yi magana a wayar ya karanta. Yanzu ba zai iya ko tambayar inda aka iso ba. Na nemi hutu a wurin aiki don in raka shi, shugabarmu ta ce in bari abokiyar aikina ta dawo daga nata, ƙarshen mako mai zuwa. Auta ta ce jikin da sauƙi, kada mu ɗaga hankalinmu. Muryarta ba ta yi mini kama da ta mai sauƙi ba, amma abin da ta faɗa shi na buga wa Malam.

Ki sa mu a addu'a. Ina gaida maigidan da yara.

Ƙawarki,
Ta-Ƙasa

*

Aminiyata,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Allah ya yi wa Iya rasuwa, kwana biyu kafin ranar da za mu tafi. Daga gidansu Malam nake rubuto miki, a ɗakin da aka sauke mu.

Akwai abin da ke cina, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke.

Ana gobe za ta rasu, da la'asar, Auta ta kira ta ce Iya na son magana da ɗanta. Na ajiye wayar a kan tebur na buɗe murya, na zauna gaban Malam na kama yatsunsa. Muryar Iya ta yi siriri, tana magana guntu-guntu, wani lokaci da sauri kamar mai gudun kada a katse ta. Ta tambaye shi ko yana cin abinci. Kafin in gama buga masa ya amsa, ta riga ta wuce zuwa wata maganar. Haka suka yi ta saɓani, tana gaba yana baya. Har ta ce, "Anya yana ji na kuwa?" Na ce, "Yana ji, Iya, ta hannuna."

Sai ta shiga yi masa addu'a. Doguwa ce, ta haɗa da shi, da ni, da aikinsa, da idonsa da kunnensa, ta ce Allah ya mayar masa da su a inda ba a ciwo. Ina tsallake kalmomi, ina riƙe sauran a ka. Ban kai rabi ba na ji ta yi tari, na ji muryar ma'aikaciyar jinya, Auta ta ce za ta sake kira, layi ya yanke.

Ban gaya masa ba. Na ci gaba da buga masa sauran addu'ar daga abin da na riƙe, yana cewa amin. Da na gama ya gyara zama ya fuskanci wayar, ya yi wa mahaifiyarsa magana mai tsawo. Ya gode mata, ya nemi gafararta, ya ce tun yana yaro ba ta taɓa bari ya ji shi ragowa ne a cikin 'ya'yanta ba. Ya ce ta jira shi yana tafe. Duk wannan a gaban wayar da ba kowa a cikinta. Ina zaune ina jin sa, na kasa ɗaga yatsa.

Auta ba ta sake kira ba sai da safe.

Yanzu masu gaisuwa na shigowa, ina gefensa ina buga masa sunan kowa da abin da ya ce, har wuyan hannuna ya kumbura. Ɗazu na ji wani kawunsu yana cewa ai an gode Allah tunda sun yi sallama da juna. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da allon nan na aiki da sun yi maganarsu su biyu, ba ruwana a tsakani. Ki gaya mini, in faɗa masa ko in bar shi da abin da yake zato?

Taki cikin damuwa,
Ta-Ƙasa

*

Zuwa ga Ta-Sama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Mun dawo gida lafiya. Na gode da ta'aziyyarki, na buga wa Malam ita kalma bayan kalma, ya ce a gaya miki ya gode.

Kin ce in bar maganar, rufe ta jinƙai ne. Na so in bi shawararki, har na yi kwanaki ina bi. Amma duk lokacin da na kama hannunsa sai in ji nauyi, saboda yanzu duk abin da ya sani na duniya ta yatsuna yake bi. Jiya bayan na dawo aiki, muna zaune a falo, na faɗa masa komai.

Ya bar hannayensa a cikin nawa. Sannan ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san yana da irinta ba, "Na sani. Lokacin da Iya ke magana kina ta kuskure, kina cin haruffa. Can sai rubutunki ya zama tsaf, ba ɗigo ɗaya da ya kauce. A nan na gane ba ta kan layin kuma."

Na tambaye shi to me ya sa ya yi duk maganar nan. Ya ce ta daɗe a bakinsa, kuma in bai faɗe ta a ranar ba bai san inda zai kai ta ba. Ya ce bai riƙe ni da komai ba. Sai dai ya roƙe ni abu guda: kada in ƙara tace masa abin da ke faruwa, mai daɗi ko marar daɗi. In ana magana in gaya masa, in an yi shiru ma in gaya masa an yi shiru.

Allon yana nan a kan tebur, na lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Na sake sa an kira kamfanin, sun ce mu ƙara haƙuri. Maɗaba'a ta ba wani mutum littafin lissafin ya ƙarasa. Gobe da safe zan rufe ƙofa in tafi aiki, shi kuma ya zauna har yamma.

Bayan mun gama maganar jiya mun daɗe zaune, ba wanda ya motsa. Sai na tuna alƙawarin da na ɗauka, na buga masa cewa an yi shiru. Ya ce, "To, mu zauna a cikinsa tare."

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ta-Ƙasa