Ranar da Sumayya Ta Durƙusa

Gangaren Tudu, Keffi.

Zuwa ga Yayata Huraira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta ƙanwar da ta yi kewar yayarta. Ya jikin Inno? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinyar mahaifiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Boaz direba. Wayata na kashe ta na jefa cikin durowa, domin zagin da ake bugowa ana yi min ya ishe ni. Kuma ko da a kunne take, kin san kunnen Inno. Ƙafa ce ta ƙi tashi, amma ko raɗa kika yi a tsakar gida nan Gitata sai ta tambayi me aka ce. Ba na so ta ji wannan magana tana kwance.

Yaya, an ba da belin Malam Ghali. Ban san yadda zan sassauta miki ba, shi ya sa na faɗa a tsaye. Mutumin da ya tsare ƴarmu Sumayya a ɗakin littattafan makarantarsa bayan an tashi daga hadda, ya yi mata abin da ya yi, jiya ya dawo unguwa da jerin babura ana kabbara, sai ka ce daga Makka ya sauka. Lauyar gwamnati da ke riƙe da ƙararmu ta ce beli ba sallama ba ne, shari'a na nan a babbar kotu. Na ce mata to, amma ita ba a layinmu take kwana ba.

Tun jiyan ya koma kan karatunsa na bayan la'asar. Lasifikar nan kamar gidanmu aka saita ta. Muryarsa na shigowa ta taga, ta bi ni kicin, ta bi ni har bayi. Da Sumayya ta ji ya fara gyaran murya, tana tankaɗe, sai rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Haka ta zauna har ya shafa fatiha, sannan ta ci gaba da tankaɗenta. Wallahi da ta yi kukan da ya fi min sauƙi.

Gari kuwa ya rabu biyu. A rediyo ana ta bugo waya. Wasu na cewa kotu tsoron rawani take, in talaka ne da yanzu yana tsare. Wasu na cewa ƴan boko ne da ƙungiyoyi ke son zubar da mutuncin malamai. Kowa ya zama alƙali, har mai yankan farce. Matan da ke kawo min ɗinki rabinsu sun zo sun kwashe atamfofinsu. Judit, maƙwabciyar shagona, ta ce a garinsu ma an yi irin wannan da wani fasto, aka yi ta ɗage zama har iyayen yarinyar suka gaji suka tashi daga garin. Na ce mata ni Hansai ba na gajiya.

Tun ranar yaye kika ɗora min yarinyar nan a cinya kika ce tawa ce. Yau shekarunta sha tara, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Abin da nake nema ɗaya ne, a ce an yarda da ita.

Ki shafa min kan Inno.

Ƙanwarki,
Hansai.

Gangaren Tudu, Keffi.

Yaya Huraira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ke da mai jiki. Na ga saƙon daddawa, Allah ya saka da alheri.

Sumayya ta ba da shaida. Ta tsaya a cikin akwatin nan na katako, ta faɗi komai da bakinta, har abin da ko ni ba ta iya gaya min ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, alƙali na cewa ta ɗaga, amma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina zaune ina jin kamar in tashi in goya ta. Aka ɗage zama zuwa ranar da lauyan Malam Ghali zai yi mata tambayoyi.

A wajen fitowa ne abin ya faru. Na tsaya gyara takalmi, ta ɗan yi gaba. Barandar kotun matsattsiya ce, sai ga Malam Ghali ya ɓullo ta ɗaya ƙofar da almajiransa, suka yi kiciɓis. Yaya, da idona na gani. Sumayya ta kai gwiwa ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta gaishe shi kamar yadda ta saba kullum safiya tun tana ƴar ƙarama. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya sa mata albarka, a natse, har da murmushi. Wani daga cikin mutanensa na riƙe da waya.

Kafin mu iso gida hoton ya riga mu. Yanzu babu wayar da babu shi a Keffi, Judit ta ce har ƴan'uwanta na Garaku sun turo mata. Masu goyon bayansa na cewa ga gaskiya ta fito, wace mace ce za ta durƙusa wa wanda ya keta mata mutunci? Waɗanda ke bayanmu ma bakinsu ya mutu.

Kin san halina. Muna shiga gida na rufe ƙofa na sauke mata kwandon faɗa. Na tambaye ta me ya kai ta, ko an ɗaure mata ƙafa ne, ko so take ta mayar da ni abin dariya bayan na tsaya gaban dattawan unguwa na ƙi sulhu saboda ita. Ta ce ba ta san ta yi ba, sai da ta ji sanyin siminti a gwiwarta. Na ce wannan ba magana ba ce. Ta dube ni wani irin kallo, ta shige ɗaki.

Raina a ɓace yake har yanzu, ban san da wa nake fushi ba.

Taki,
Hansai.

Gangaren Tudu, Keffi.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikin Inno. An ce ta ɗan fara cin abinci, alhamdulillahi.

Amsarki ta iso, na karanta, na sha faɗa. Kin ce mu muka koya mata durƙusa wa babba tun kafin ta iya tsarki, don me zan zage ta a kan tarbiyyar da na ba ta. Na ji. Amma ke ba ki kalli hoton ba. Ni na karɓi wayar Judit na kalla, na sake kalla, har ta ƙwace abarta.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Wani abu ya shige ni. Ina ɗinki sai in ga gwiwar nan tana sauka. Ina salla sai in gan ta. Babu tsoro a fuskar yarinyar, Yaya, ladabi ne kawai. Sai zuciyata ta riƙa raya min, anya? In yi a'uziyya, tunanin ya tafi, lasifika na kunnuwa da la'asar ya dawo. Ban furta ba, amma Sumayya ta gane. Ta daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma daga bakin ƙofa.

An koma kotu. Lauyansa ya sa aka kunna hoton a gaban kowa, lauyarmu ta yi ta ja, alƙali ya ce a karɓa. Lauyan ya tambayi Sumayya ko wani ya tilasta mata ta durƙusa, ta ce a'a. Ya tambaye ta ko ita ce ta fara gaisuwar, ta ce e. Ya zauna abinsa.

Daga nan aka kira ni, tunda ni na fara jin maganar, ni na kai ta asibiti da wurin ƴan sanda. Lauyarmu ta ja min kunne tun a waje, in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kada in hau. Lauyansa ya fara da lallami, Hajiya kaza Hajiya kaza, yana yaba yadda na riƙe ƴar yayata. Can sai ya ce, a matsayina na mace mai mutunci, da ni aka yi wa abin da ake zargi, zan durƙusa in gaida wanda ya yi min? Kai, Yaya! Jini ya hau min kai. Ga Malam Ghali zaune yana jan carbi yana kallona. Na ɗaga murya na rantse da Allah cewa ni ko wuƙa aka sa min a wuya ba zan gaishe shi ba, babu macen da aka yi wa haka da za ta iya. Ni a tunanina zaginsa nake yi.

Lauyan ya ce ya gode, ba shi da sauran tambaya. Na ga alƙali na rubutu. Na ga lauyarmu ta dafe goshi. Sai a lokacin na juya na nemi Sumayya, na same ta tana kallon ƙasa.

A rediyo yanzu maganata ake maimaitawa, wai ko uwar riƙonta ta faɗa. Masu cewa kotu na kare malamai da masu cewa ana yi wa malamai sharri duk sun samu abin tauna, kowa na jan zancena ta inda ya ga dama. An sa ranar hukunci bayan ƙaramar salla.

Ki taya mu da addu'a, ni kam tawa ta rikice.

Hansai.

Gangaren Tudu, Keffi.

Zuwa ga Yaya Huraira,

Assalamu alaikum. Barkanmu da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata Inno ta samu ta sa sabon zanin da na ɗinka mata.

An sallame shi. Na san labari ya riga takardata, amma akwai abin da ba a faɗa a rediyo ba, shi nake so ki ji daga gare ni.

Alƙali ya daɗe yana karatu da Turanci, tafinta na juya mana. Ya ce ba a kai ta asibiti da wuri ba, takardar likita ba ta nuna wanda ya yi ba, babu wanda ya gani. Ya ce bai ce yarinyar ƙarya take ba, amma doka na so a kawar da duk wani kokwanto, kuma gaisuwar baranda da shaidar da uwar riƙonta ta bayar da rantsuwa sun bar kokwanto. Sunana ya fito daga bakinsa, Yaya. Kabbara ta tashi har sai da aka buga tebur.

Muka fito. Na riƙe jakata gam, na shirya maganganun da zan watsa wa Malam Ghali in mun haɗu, tun daga gida nake jera su. A bakin matakala jama'a suka dare, sai ga shi a gabana, kusa ƙwarai, har ina jin ƙanshin turarensa. Farar malum-malum, rawani, gemun nan da furfura. Mutumin da ya yi wa mijina Sale salla ranar da ya rasu, wanda na yi shekaru ina aika wa kunu da azumi. Ya dube ni ya ce Hajiya Hansai ina wuni, da muryar nan tasa ta karatu.

Ban san lokacin ba. Wallahi tallahi ban sani ba. Sai ji na yi bakina na cewa lafiya lau Malam, ya ƙoƙari, kuma tsakuwa na sukar gwiwata. Ni, da na rantse a gaban alƙali. Zuciyata cike da tsanarsa kamar ta fashe, jikina kuma na ƙasa yana ba shi girma. Ya wuce, mutanensa suka bi shi, ko waya babu wanda ya ɗaga, don tawa gaisuwar ba ta da amfani a wurinsu.

Na kasa tashi. A nan durƙushe na gane abin da yarinyar nan ta gaya min ranar da na rufe ta da faɗa, na gane kuma abin da ya sa ba ta yi ihu ba a ɗakin littattafai, abin da ya sa ta yi makonni ba ta faɗa ba. Duk tambayoyin da na ɓoye a ciki na samu amsarsu, bayan alƙali ya riga ya rufe littafinsa.

Sumayya ce ta zo ta kama ni ta hammata ta ɗaga ni. Ba ta ce kin gani ba. Ta sunkuya ta kakkaɓe min zani, ta ɗauko jakata da ta faɗi, ta tare mana keke. A hanya na buɗe baki zan roƙi gafara, kuka ya ci ƙarfina, mai keken har yana waiwaye. Ta ce in bari, ta san tun yaushe na daina yarda da ita, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan duk abin da aka faɗa a kotu da rediyo. Ta faɗa ne a hankali, ba da fushi ba, tana kallon titi.

Lauyarmu ta ce za ta nemi a ɗaukaka ƙara, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba, kuma ta ce abin da na rantse a kai yana rubuce, ba ya gogewa. Na ce ta kai ni gaban kowane alƙali ne in faɗa masa na durƙusa. Ta ce can ba a sake jin shaida, takardu kawai ake dubawa.

Yau bayan la'asar Sumayya ta zubo mana abinci a kwano ɗaya. Muna cikin ci aka kunna lasifika, ya fara gyaran murya. Hannuna ne ya tsaya a cikin kwanon, ita ta ce min in ci, zai huce.

Ki yafe min, Yaya. Amana kika ba ni.

Ƙanwarki,
Hansai.