Kunnen Auta na Hagu

Zuwa ga Yayana, babban wanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sauƙaƙa maka zaman baƙunta, ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gidajen 'ya'yanta tana buɗe tukwanenmu tana cewa har yau ba mu iya girki ba. Maigidana yana kan hanya da motarsa kamar kullum, yara suna makaranta, ɗinki kuma yana tafiya, sai dai kekena ya tsufa, in na taka shi sai maƙwabta sun san na fara aiki.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don in na fara maganar nan da baki kuka zai ci ƙarfina, kai kuma na san halinka, da ka ji ana kuka a waya sai ka ce layi ba kyau a sake kira. Maganar Auta ce. Na san ya roƙe ka ka aiko masa da sabon abin sauraro na sawa a kunne, irin wanda ka aiko masa bara, ya ce maka ɓangaren hagu na wancan ya mutu. Don girman Allah, Yaya, kada ka saya tukuna, ka karanta wannan har ƙarshe.

Ka san tun da ya bar ƙungiyar mawaƙin nan da yake yi wa amshi ya rantse ba zai ƙara tsayawa a bayan kowa ba. Ni na ba shi ɗakin ajiyar da ke bayan shagona, na kwashe yadikan mutane na cusa a ƙarƙashin teburin yanka. Ya manna tsofaffin katifu a bango, ya toshe tagar da bargo, ya ce wai situdiyo ne, ni dai har gobe kurkuku nake ce wa wurin. Shi ke rubuta waƙar, shi ke haɗa kiɗan a kwamfuta, shi ke rerawa, ya dawo ya yi wa kansa amshi, ya tace sautin, ya ɗora a intanet, sannan ya zauna yana amsa wa masu yabo da masu zagi. In an gayyace shi wasa a zauren taro, da yake ba shi da mai kula masa da sauti, sai ya jawo lasifika ya dasa ta a hagunsa, yana waƙa yana miƙa hannu yana murɗa ta. Na sha gaya masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya ce shi ba jinka yake ɗauka ba, waƙa yake yi. Bakin Auta dai ba sai na gaya maka ba. Kuma gaskiya Allah ya sa wa abin albarka. Ran nan wata ta kawo ɗinki, wayarta ta yi ƙara, sai na ji muryarsa ce, ita kuwa ba ta ma san ƙanena ba ne.

Da farko na ɗauka girman kai ne ya fara shigarsa. In kira shi daga shago ya zo ya ci abinci, shiru, sai na taka na taɓa kafaɗarsa sannan ya zabura. Har ƙararsa na kai wurin Mama, na ce ɗan autanta ya yi suna ya daina amsa kiran talakawa. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Sai na lura in ana hira yana karkato da kai yana kallon bakin mai magana, in aka yi dariya shi ma ya yi, amma a makare. Wata rana ya ce mini gyare ya shiga shagon, kukansa ya hana shi aiki. Muka ɗaga buhunan ƙyalle, muka share ko'ina, babu gyare babu alamarsa. Da ya saki sabuwar waƙarsa kuma, kiɗan ya fito da wani kaifi mai soke kunne, mutane suka yi ta rubuto masa cewa ya gyara, shi kuwa ya ce hassada ce, a wurinsa daidai take.

Ranar da ya gaya mini ya roƙe ka sabo, ya ɗan fita, na shiga ɗakin in kwashe kwanuka, na ga abin sauraron a kan tebur. Karambani ya sa na ɗauka na sa a kunne, na danna waƙar da ya bari a buɗe. Wallahi Yaya sai da na yi tsalle na fizge shi, don ƙarar da ya bari a ciki ta isa ta tashi unguwa. Na rage, na sake sawa. Dama yana yi, hagu yana yi, tas, babu abin da ya same shi. Na zauna a kujerarsa har ya dawo. Da na gaya masa ya hau musu, ya ce me tela ta sani a kayan sauti. Ban ja da shi ba, na ɗauki abin na sa masa a juye, ɓangaren da ya ce ya mutu ya koma kunnensa na dama. Na ga fuskarsa lokacin da kiɗan ya shiga. Ya cire ya ajiye a hankali, ya ce in ba shi wuri zai yi aiki.

Da ƙyar da jiɓin goshi na ja shi wurin likitar kunne, shi ma sai da na ce in ya ƙi zan gaya wa Mama. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka ba shi maɓalli a hannu, aka ce duk sa'ad da ya ji ƙara ya danna. Ina tsaye a bayan likitar ina kallo tana sakin ƙarar, 'yar fitila tana kamawa a gabanta tana mutuwa, shi kuwa yana zaune riƙe da maɓallin yana jira a fara. Da aka gama ta ce na hagun ya yi nisa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na daman ma ya fara taɓuwa, amma ana iya tsare abin da ya rage in ya daina sa abin kunne, ya nisanci lasifika, ya samu wani ya riƙa tace masa sauti. Ya tambaye ta har zuwa yaushe, ta ce ba hutu take ba shi ba, sauya yadda yake aiki zai yi gaba ɗaya.

Na zaci tsoro zai sa ya ja da baya. Tsoron kam ya kama shi, amma gaba ya tura shi. Ya ce yana da waƙoƙi cike da kansa waɗanda bai ɗauka ba, so yake ya gama kundinsa na farko tun yana jin abin da yake yi. Ya ce duk wanda zai tace masa sauti sai ya sa baki a waƙar, shi kuma bai bar amshi don ya koma bin umarnin wani ba. Ga shi an gayyace shi jerin wasanni a manyan zaurukan taro, karo na farko da sunansa zai fito a saman takardar talla maimakon can ƙasa. Ya ce wanda ba shi da kamfani a bayansa ba a kiransa sau biyu, in ya ce a jira shi, wani za a nema. Yanzu da hantsi yake shiga ɗakin nan ya rufe, in na tura ƙofar, tun daga bakinta nake jin kiɗan da ke tsiyayowa daga abin da ke manne a kunnensa.

Ni kuma ya mai da ni kunnensa. Sai ya kira ni in bar ɗinki in zauna, ya sa mini waƙa, ya ce in ta soke ni in ɗaga hannu. Ni da ban san komai a kiɗa ba in ban da gyaɗa kai! Ina ɗagawa yana ragewa, idonsa a kan fuskata. Shekaranjiya na ɗaga hannu in share hawaye, shi kuma ya yi sauri ya rage, ya tambaye ni ko yanzu ya yi.

Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron ranar da zan tsaya a gabansa in ce Auta, ya ga bakina yana motsi kawai. Na yi tunanin in karɓe makullin ɗakin, sai kuma in ji tsoron ya kwashe kayansa ya koma inda babu mai taɓa masa kafaɗa. Mama ba ta san komai ba, ka san yadda jininta ke hawa. Maigidana ya ce in ƙyale shi, namiji ne, ya san abin da yake yi. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, shi ya sa na kawo maka. Na je wurin Kawu mai gyaran rediyo, ya ce shi a shirye yake ya riƙa bin sa wurin wasa, ya kula masa da lasifika daga nesa, in dai yaron zai sauke kai ya yarda.

Kai ne ka saya masa jitarsa ta farko lokacin da marigayi Baba ya ce ba a gidansa ba, kuma kai kaɗai ne in ka yi magana ba ya mayar maka. Kada ka ce ya bar waƙa, ba zai bari ba, ni ma ba haka nake so ba. Ka ce masa ya karɓi hannun Kawu, ya nemi mai tace sauti ko da zai sa masa baki, ya roƙi a ɗage wasannin nan ko ya rage su. Wasan farko ƙarshen watan nan ne, kada ka yi jinkiri.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu, ka ce mata rigarta tana nan na gama, sai an samu mai zuwa. Ka gaida 'yan biyu, da Sarkin Surutu, da 'yar autarku mai sunan Mama. Mama tana sa maka albarka, Gwaggo da Kawu da maigidana duk suna gaishe ka.

In za ka neme shi, don Allah ban da saƙon rubutu. Ka kira shi, ka ce ya sa wayar a dama, ka yi magana a hankali. Ko da ya ƙi ɗaukar shawararka, kada ka yi fushi ka kashe. Ka daɗe kana yi masa hira, ka ba shi labarin wurin aikinka, ka tsokane shi kamar yadda ka saba. So nake ya ji muryarka ya ƙoshi, tun kunnen yana ɗauka.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Mai Keke