Rufin ɗakin Mma

Talata, bayan isha'i

Yau kam na ga kafinta. Tun da iskar Juma'a ta kwashe kwanon ɗakin Mma, tsohuwata ke kwana a baranda da ciwon ƙafanta. Na ce a kira Wofa Kwaku, shi ya rufa shagon maƙwabta, ko ƙusa ɗaya bai tashi ba. Alhaji maigidana ya ƙi. Wai sai dai Masta Isiyaka, ɗan garinsu ne, kullum yana sahun gaba a masallaci. To sahun gaba ne zai hana yoyo?

Kwana uku mutumin nan yana ƙwanƙwasa mana kai, shinkafata kuwa ba ya barin ko ƙwaya. Da la'asar ya sauko yana Alhamdulillahi. Na ɗaure zane, na hau tsaninsa da bokiti, na sheƙa ruwa a kan kwanon. Duka ya sauka a gadon Mma! Ashe kwanon sama ya cusa ƙarƙashin na ƙasa. Ko kunya bai ji ba koraa, ko kaɗan, wai, "Hajiya, ai bokiti daban, ruwan Allah daban." Mtsw. Masta a ina?

Na ce gobe Wofa zai zo. Alhaji ya ce me mutanen Zongo za su ce, mun kori ɗan'uwa Musulmi? Na ce to Alhaji, Mma ta koma ɗakinka, kai ka kwana ƙarƙashin aikin ɗan'uwanka.

Hadari ya taso ta unguwar Krofrom, an fara yayyafi. Ga Alhaji can a ɗakin Mma ina jinsa yana jan gado daga wannan lungu zuwa wancan.